DARASI: HAKKIN TSOHON SOJA BAYAN RASUWARSA

A garuruwa da ƙauyuka da yawa na ƙasar Nijar akwai gidan da ake ce ma gidan tsohon soja. Maigidan ya yi ɗamara tun yana saurayi. Wani ya yi aiki cikin rundunar Faransa, zamanin mulkin mallaka. Wani ya yi cikin rundunar Nijar. Su ne jama'a ke kira 'yan mazan jiya.

Ran da tsohon soja ya cika, ana yi mashi wanka, a sa mashi likkafani, a yi mashi salla, a kai shi makwancinsa tun rana ba ta faɗi ba. Haka addini ya ce, haka kuma ya kamata. Dangi su taru. Maƙwabta su zo gaisuwa. A yi sadakar uku, a yi ta bakwai, a yi ta arba'in.

Amma akwai aiki guda da ake mantawa da shi, shi ne aikin takarda. Saboda wannan mantuwa, mata da marayu suna rasa abin da doka ta ba su. Hakkin mamaci ba ya zuwa gida da ƙafarsa. Sai an nema, kuma da takarda ake nema.

1. SU WANE NE 'YAN MAZAN JIYA?

A shekarar 1857 Faransawa suka kafa rundunar baƙar fata a ƙasar Senegal. Ana ce ma sojojinta tirayar. Sunan Senegal suka ɗauka, amma daga baya an ɗebo su daga ko'ina cikin Afrika ta Yamma, har da Nijar.

A yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918, an ɗauki kimanin mutum 200.000 daga Afrika ta Yamma. Kimanin 30.000 ba su komo ba. A 1919 aka kafa dokar ɗaukar soja ta tilas, aikin shekara 3. Sa'an nan aka yi yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945. Aka yi na Indoshin, daga 1946 zuwa 1954. Aka yi na Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962. Duk an kai 'yan Afrika.

Nijar ta samu mulkin kai ran 3 ga watan Agusta 1960, ta kafa rundunarta. Waɗansu sojoji suka baro ta Faransa suka shigo ta gida. Janar Seyni Kunce yana cikinsu. Ya rasu a Paris ran 10 ga watan Nuwamba 1987, aka kawo shi gida, aka yi mashi sutura a garinsu Fandu.

Ke nan 'yan mazan jiya kashi biyu ne. Akwai waɗanda hakkinsu ke wuyan gwamnatin Faransa. Akwai waɗanda hakkinsu ke wuyan gwamnatin Nijar. Na farkon sun tsufa ƙwarai, kaɗan suka rage. Amma da yawa sun bar mata da ba su kai su shekaru ba. Abu na farko da iyali za su sani shi ne: wace runduna maigida ya yi ma aiki?

2. WANDA YA MUTU A HILIN DAGA

Sojan da ya mutu wurin yaƙi, kabarinsa yana wuyan gwamnati.

A Faransa an yi doka biyu a shekarar 1915. Ta farko, ta 2 ga watan Yuli, ta ce a rubuta cikin takardar mutuwar sojan cewa don Faransa ya mutu. Ta biyu, ta 29 ga watan Disamba, ta ce a ba shi kabarinsa shi kaɗai, gwamnati ta riƙa kula da shi har abada. In dangi suka karɓi gawar suka kai gida, kulawar kabari ta koma wuyansu.

Ga misali. Kusa da birnin Liyon akwai wani gari, Shasele. Ran 19 da ran 20 ga watan Yuni 1940, sojojin Jamus suka kama tirayar a wannan yanki. Suka ware baƙaƙe daga farare, suka kashe baƙaƙen. Daga baya aka tattara gawawwakin wuri guda. Aka kewaye wurin da jar ganuwa irin ginin ƙasashen Sahel, aka buɗe shi ran 8 ga watan Nuwamba 1942. Tirayar 188 ke kwance a can. Waɗansu da sunansu bisa kabari, waɗansu ba a san sunansu ba.

Ba kowa ya samu wannan sutura ba. A Caroy, kusa da Dakar, an tara tirayar da suka komo daga hursunan Jamus. Suka nemi a biya su kuɗinsu da aka riƙe. Ran 1 ga watan Disamba 1944, da sahe, sojojin Faransa suka buɗe masu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu. A 2014 shugaban Faransa ya ce sun kai 70. Masana tarihi da dama sun ce ɗaruruwa ne. A maƙabartar Caroy akwai kabari 202, ko ɗaya ba shi da suna. A watan Nuwamba 2024 ne shugaban Faransa ya amsa cewa kisan gilla aka yi. Shekara 80 ke nan bayan abin.

A Nijar ma gwamnati na yin suturar sojanta da ya faɗi bakin aiki. Ran 10 ga watan Disamba 2019 aka kai hari barikin Inates, soja 71 suka rasu. Aka yi makoki na kwana 3 cikin ƙasa duka. Ran 13 ga wata aka yi masu salla a sansanin sojan sama na Yamai. An lulluɓe kowane da tutar ƙasa, mai ruwan lemo da fari da tsanwa. Aka ruhe su a wurin da aka keɓe ma shahidai.

3. WANDA YA RASU A GIDA

Yawancin 'yan mazan jiya a gida suke cikawa, cikin iyalinsu, bayan tsufa ko ciwo. Nan doka dabam take. Likkafani, da haƙar kabari, da abincin masu gaisuwa, duk iyali da dangi ke yi. Gwamnati ba ta aiko da kuɗin jana'iza haka kawai don mamaci tsohon soja ne.

A dokar Faransa, mai katin ɗan mazan jiya yana da girma guda: ana iya lulluɓe gawarsa da tuta, in iyali suna so. Girmamawa ce, ba kuɗi ba ne. Haka kuma ma'aikatar 'yan mazan jiya ta Faransa takan taimaki matar mamaci maras ƙarhi da wani abu na kuɗin jana'iza. Wannan taimako ne, ba bashi ba ne. Sai an rubuta an nema, a duba halin gidan, sa'an nan a ba da ko a hana.

Don haka kada iyali su ci bashi su yi babbar sadaka, suna cewa kuɗin soja na zuwa. Kada a sayar da hatsin rumbu ko a jinginar da gona saboda wannan zato. A yi sadaka daidai ƙarhi.

Yana da kyau a sanar da sauran 'yan mazan jiya na yankin tun ranar rasuwa. Su ne abokan ɗamararsa. Sukan zo jana'iza, kuma sun san ƙofar da ake bi.

4. KUƊI IRI UKU

Mutane sukan ce ma kowane kuɗin tsohon soja fansho. Amma a dokar Faransa iri uku ne, kowane da hukuncinsa bayan mutuwa.

Na ɗaya, kuɗin katin ɗan mazan jiya. An hito da katin a 1926, an fara biyan kuɗin a 1930. Mahi yawa ana ba wanda ya yi kwana 90 cikin rundunar da ta yi faɗa. Ana biya sau 2 a shekara. A 2024 ya ɗara jikka 500 a shekara. Wannan kuɗi na mai katin ne shi kaɗai. Ran da ya rasu, kuɗin ya tsaya. Mata ba su gadonsa.

Na biyu, fanshon aiki. Shi ne na wanda ya daɗe cikin soja, shekara 15 ko hiye da haka. Wannan ba ya mutuwa da mai shi. Matar mamaci tana da rabi. In mata biyu ne ko uku, wannan rabin suke rabawa. Maraya kuma da bai kai shekara 21 ba yana da kashi 10 cikin 100. Matar da ta sake aure, rabonta ya tsaya.

Na uku, kuɗin rauni. Shi ne na wanda ya samu rauni ko ciwo cikin aikin soja. Matar mamaci tana iya samun rabo, in raunin ne ya yi ajalinsa, ko in awon likita ya nuna raunin babba ne.

Dokar Nijar ita ma ta tanadi rabon matar mamaci da na marayu cikin fanshon sojanta. Asusun fansho na ƙasa, wanda ake kira CARENI, shi ke da wannan aiki.

A lura da abu biyu.

Na farko, rabon mata ba gado ba ne. Gado shi ne gona, da gida, da bisashe, da kuɗin da mamaci ya bari. Shi ake rabawa bisa shari'a, mata su samu tumuni in akwai ɗiya. Rabon fansho kuwa da sunan matar yake hitowa, ita ke karɓa. Wa ko ƙanen mamaci ba shi da iko da shi.

Na biyu, fanshon Faransa ana biyansa har ƙarshen watan da mutum ya rasu. Abin da yake bi kahin nan na magada ne. Amma wanda ya ɓoye mutuwa, ya ci gaba da karɓar kuɗi da sunan mamaci, ya yi laihi. Ran da aka gane, sai ya maida.

5. YADDA AKA DASKARAR DA KUƊIN, DA YADDA AKA SAKE SHI

Ran 26 ga watan Disamba 1959 Faransa ta yi wata doka. Ta ce kuɗin 'yan mazan jiya na ƙasashen da suka samu mulkin kai zai tsaya inda yake. Na Bafaranshe yana ƙaruwa kowace shekara, na ɗan Afrika ya daskare. Ga shi rami guda suka kwanta, harsashi guda aka harba masu.

Wani tsohon soja ɗan Senegal, Amadu Diyop, ya kai ƙara. Ya rasu a 1996, shari'a ba ta ƙare ba. Ran 30 ga watan Nuwamba 2001 babbar kotun Faransa ta ce shi ke da gaskiya. A 2007 aka daidaita kuɗin kati da kuɗin rauni. A 2010 kotun tsarin mulki ta sake yin hukunci. Daga 1 ga watan Janairu 2011 aka daidaita fanshon aiki. Amma wani sashe na ƙarin, sai wanda ya rubuta ya nema aka ba.

Wannan labari yana koya abu guda. Shekara 50 aka yi ana neman wannan hakki, kuma da takarda aka same shi. Bai kamata ya ɓace cikin akwati ba, don an rasa mai zuwa meri.

Jinkiri ma yana cin kuɗi. A dokar fanshon Faransa, wanda ya yi sakaci ya daɗe bai nema ba, ana biyansa na shekarar da ya nema da na shekara 4 da suka gabace ta. Na bayan nan ya wuce.

6. KWANA 60 DA TAKABA

Takarda ta farko ita ce takardar mutuwa. In babu ita, a wurin hukuma mutum yana nan da rai, matarsa kuma ba ta zama matar mamaci ba.

Dokar etasibil ta 2019 ta ba da kwana 60 don a shaida haihuwa, ko aure, ko mutuwa. Ana shaidawa wurin mai rubuta etasibil na ƙauye, ko a gidan likita in can aka rasu, ko a gidan magajin gari, wato meri. Cikin wa'adi kyauta ne. In wa'adi ya wuce, sai an tahi gidan shari'a da shaidu, alƙali ya yi hukunci. Nan ga kuɗin mota, ga jira, ga ɓata ranakun aiki.

To, ga inda ake faɗuwa. Matar mamaci tana takaba wata 4 da kwana 10, wajen kwana 130 ke nan. Tana zaune ɗaka. In aka ce a bari sai ta hita takaba, kwana 60 sun wuce tuni. Don haka ba ita za a jira ba. Ɗan mamaci, ko ƙanensa, ko jikansa, shi zai tahi, da sanin maigari.

Ga alama mai sauƙin riƙewa: takardar mutuwa ta shigo gida kahin sadakar arba'in.

7. TAKARDUN DA ZA A TARA

Tun ran gini, ran zane. Tsohon soja mai hankali yana shirya takardunsa tun yana da lahiya. Ya nuna ma matarsa da babban ɗansa inda suke. Ga su:

– littahin soja, mai lambarsa da shekarun aikinsa;
– katin ɗan mazan jiya;
– karnen fansho, ko takardar fansho;
– katin dantite;
– takardar aure ta kowace mata;
– takardar haihuwa ta kowane ɗa da kowace ɗiya.

Takardar aure ita ce aka hi rasawa. Auren ƙauye, liman ya ɗaura, shaidu sun ji, an raba goro. Aure ya yi. Amma ma'aikacin fansho bai ci goron ba, takarda yake dubawa. In ba a yi ta ba, a je gidan shari'a a yi ta tun miji na da rai. Bakinsa ya hi na shaidu goma.

A kula da suna. Da yawa an rubuta masu suna a bariki dabam da wanda aka san su da shi a gida. In sunan littahin soja dabam, na takardar mutuwa dabam, aiki ya tsaya. Mai zuwa shaida mutuwa ya riƙe littahin soja, a rubuta suna baƙi da baƙi kamar yadda yake ciki.

Bayan rasuwa ana ƙara takardar mutuwa, da takardar taron dangi da ake yi gaban alƙali. Ita ke nuna mata da ɗiyan mamaci, da wakilin da dangi suka zaɓa.

Takarda tana da maƙiya uku: gara, da ruwa, da wuta. A sa ta cikin leda, a sa cikin akwatin ƙarhe, a ɗora bisa dutse ko bisa benci, kada ya taɓa ƙasa.

8. INA AKE ZUWA?

A fara da meri. Daga nan a nemi wakilin 'yan mazan jiya na jiha, ko babban bironsu da ke Yamai. In mamaci sojan Nijar ne, a tambaya a barikin da ya hi kusa, da wurin asusun fansho.

In sojan Faransa ne, a san cewa Faransa ta ruhe gidan jakadanta na Yamai a watan Janairu 2024. Kada a ɗauki hanya sai an tambayi biron 'yan mazan jiya inda ake kai takardu. Matambayi ba ya ɓata.

In littahin soja ya ɓace, ba a yanke ƙauna ba. Takardun aikin sojojin Afrika suna ajiye a wani gari na Faransa, Po, ana rubuta shi Pau. Ma'aikatar fanshon soja kuma tana Laroshel, ana rubuta shi La Rochelle. Ana aika masu wasiƙa da sunan sojan, da lambarsa, da shekarar da aka ɗauke shi, da garinsu.

A yi hattara da 'yan damfara. Wani zai zo da jaka, ya ce a ba shi takardu da kuɗin mota, shi zai hiddo kuɗin. Kada a ba kowa takarda ta asali. A yi hotokopi. In an ajiye takarda a biro, a karɓi rasit mai hatimi da kwanan wata.

9. MISALIN GIDA BIYU

A ce tsohhin sojoji biyu sun rasu cikin damina guda, kowane da fanshon aiki.

A gida na farko aka ce a bari sai an gama aikin gona. Aka gama, aka ce sai mata sun hita takaba. Da aka buɗe akwati, gara ta ci rabin littahin soja. Takardar aure babu. Shaidun ɗaurin auren sun rasu. Shekara ta kewayo ana zirga-zirga, mata suna sayar da awakinsu suna biyan mota.

A gida na biyu akwai jika da ya yi makarantar yaƙi da jahilci. Ran sadakar bakwai ya durƙusa bakin ƙofar uwargida, ya ce:

– Inna, a ba ni makullin akwatin Baba. Gobe kasuwa, zan bi mota in je meri.

Ta ce:

– Haba ɗan nan, ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, za a fara zancen kuɗi? Mutane su ce me?

Ya ce:

– Ba zancen kuɗi ba ne, Inna. Shaida ce. Shi da kansa ya nuna mani takardun bara, ya ce kada in bari ku wulaƙanta.

Ta yi shiru, ta miƙo makulli. Kahin arba'in takardar mutuwa tana gida. Ran da mata suka hita takaba, takardunsu sun riga sun shiga biro.

Neman hakkin mamaci ba kwaɗayi ba ne, ba kuma rashin kunya ba ne. Gumin mutum ne da jininsa. Kula da iyalin da ya bari yana cikin suturarsa.

TAMBAYOYI

1. Wa ke kula da kabarin sojan da ya mutu a hilin daga?
2. Cikin kuɗi iri uku, wane ne ke tsayawa ran da tsohon soja ya rasu?
3. Don me ba a jiran mata su hita takaba kahin a shaida mutuwa?
4. Mene ne bambancin gado da rabon fansho?
5. A ƙauyen nan, wa ke rubuta etasibil? Kowa ya san gidansa?

LISSAHI

1. A ce fanshon tsohon soja jikka 60 ne. Ya rasu ya bar mata 2. Nawa ne rabin fanshon? Nawa kowace za ta samu?
2. Takaba kwana 130, wa'adin shaida kwana 60. Kwana nawa ne tsakani?
3. An yi sadakar arba'in yau. Kwana nawa suka rage cikin wa'adi?

RUBUTU

Kowane ɗalibi ya rubuta sunayen takardu 6 da aka lissafa a sashe na 7. In akwai tsohon soja ko matar tsohon soja a unguwarsu, ya je ya gaishe su, ya karanta masu. Wadda babu cikin akwati, a sa mata alama, a kawo ma malami ranar karatu mai zuwa.